Giɓin da Taubashina Ya Hana

Ko zan manta komi, ba zan manta ranar da hayaƙi ya tashi a fadamar Gulma ba. Na yi yawon duniya, na yi gyaran rediyo a Kwatano, na koyi zanen allon lantarki wurin wani Ɗan Sin a Legas, amma ban taɓa gamuwa da mai taurin kai irin taubashina ba.

Manomin shinkafa ne. Ya sayi famfo mai aiki da hasken rana don noman rani, sai ɓarayi suka addabi fadama da sace akwatunan da ke sarrafa famfuna. Na ce masa ya kwantar da hankali, zan yi masa akwatin da ƙwaƙwalwarsa ke kan ɗan kati. In ya tashi aiki ya zare katin ya jefa aljihu, ɓarawo ya ɗauki gwangwani.

Na zauna a shagona na Nassarawa ina zana bakin katin a kwamfuta. Nan aikin yake. A gefen katin ake jera 'yan layukan tagulla kamar haƙoran matsefi, gaba da baya, kowanne sai ya faɗa daidai kan ɗan'uwansa cikin soket, wato ramin da ake cusa katin a akwati. Na auna tazara har idona ya yi ja, na hana koren fentin da ake shafa wa katin hawa kansu, sannan na yanke ɗan giɓi, ba a tsakiya ba, don kada katin ya shiga a juye.

Sai ga taubashi ya faɗo shagon, ya leƙo ta kafaɗata yana tauna goro.

"Kai bawana, wanga giɓi hwa? Ɓera ya ci?"

Na yi masa bayani. Ya girgiza kai. "Ko ƙwarya mai giɓi ba a saye a kasuwar Argungu. So kake a ce na kwaso kwantai? Cike shi!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sarkin kifi, giɓin nan shi ne mai gadin katin."

"Ni makaho ne? Ban san gaba da baya ba?"

Haka muka wuni. Ya kira ni bature, na kira shi ɗan taɓo. Da ya fara cewa zai kai ƙarata wurin inna, na cike giɓin, na zana kibiya ƙatuwa a fuskar katin, wadda ko daga bayan raƙumi za a hango ta.

Na tura zanen aka ƙera. Da kaya suka iso, irinsa ya kai dashe, ƙasa ta fara tsagewa, ya kuma riga ya sayar da tsohon injinsa na fetur. Maimakon mu haɗa shiru, sai ya tara maƙwabtan gona. Ya ɗaga katin sama kamar mai tallar magani, yana yi musu lacca, idonsa na kansu, hannunsa na laluben soket. Na buɗe baki ke nan, ya danna shi a juye.

Ƙyas! Sai wari, sai hayaƙi siriri. Kati ya tafi, akwati ya bi shi.

Wani dattijo ya ce, "Alhaji, ruwan ke nan, ko shayi za a dafa?"

Taubashi ya juyo ya dube ni, ko kunya babu. "To kai da ka san haka, mi ya sa ka biye mini?"

Wallahi da ba don zumunta ba, da a kogi zan tsoma shi. Kafin sabon kati da akwati su zo, da bokiti muka riƙa ban-ruwa, ni da shi, bayana har yau bai yafe mini ba. Rabin irin ya ƙone duk da haka.

Sabon katin da giɓinsa ya zo, kuma yanzu shi ke nuna wa mutane, wai dabararsa ce. Ni dai na koyi abu guda: duk abin da zai iya shiga a juye, wata rana sai an saka shi a juye, kuma mai rantsuwar ba zai yi ba shi ne zai fara.