Madubin Malam Nuhu Disfensa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin yau jikata ta miƙo mini waya, aka ce Malam Nuhu Disfensa ya rasu a Kalmalo.

Na kasa ajiye wayar.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Shi ne ke duba marasa lafiya a ƙaramin asibitin Illela wajen shekara ta tamanin da huɗu, ni kuma ina ladanin masallacin unguwarmu, tun babu lasifika.

A shekarar hancina ya toshe. In na yi kiran salla sai ka ce mutum na magana cikin tulu. Dattawa suka fara shawarar sa wani. Na ji, na yi kamar ban ji ba. Na sha shaƙe-shaƙe, har wanzami ya wasa askarsa.

Malam Nuhu ya tare ni bakin kasuwa. "Ladan, mi ya sami muryarka? Jiya na aza raƙumi na aka kora Ƙonni."

Ya ja ni asibiti. Ba shi da na'ura. Ɗan madubi gare shi da yake ajiyewa cikin randa, don a zafin Illela madubi ba ya kama tururin numfashi sai ya yi sanyi. Ya tsamo shi, ya goge da gefen riga, ya tara ƙarƙashin hancina.

"Rufe baki. Na san yin hakan da wuya gare ka."

Na fitar da numfashi. Gefen hagu tururi ya kwanta kamar faɗin ƙwai, na dama bai kai ƙwayar gero ba. Ya auna da rula, ya ƙirga daƙiƙu har tururin ya ɓace, ya sake sau uku, ya zana a kati.

"Iska na son wucewa, wani abu ya tare hanya. Kak ka bari a taɓa ka da aska. Tafi Sakkwato da katin ga."

Da kansa ya je wajen dattawa ya roƙa mini wata biyu. A Sakkwato aka cire tsiron nama. Na dawo na ci gaba da kirana har yau.

Bayan sallar layyar da ta wuce na je Kalmalo gaishe shi. Yana kwance, kunne ya yi nauyi. Ya ce, "Matso. Yi mini kiran nan kusa, in ji ko aikina na nan." Na yi. Ya ce, "Hancin lafiya lau. Tsufa dai ne ba ni da maganinsa."

Mu bakwai ne har da shi muke zama gindin darbejiyar asibitin a da. Saura ni.

Yau da azahar na miƙe, na ɗora hannu a kunne, murya ta ƙi fita. Maƙwabcina ne ya kira sallar.

Allah Ya jiƙan Malam Nuhu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makoma. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ɗaya ce.