Rubutu Ma Ruwa Ne

Kowa a gidanmu na Kwarbai ya ɗora laifin kumburin ƙafafun Baba a kan maganin asibiti. Ni ban taɓa yarda ba.

Zuciyarsa ce ta yi rauni. Likita ya ce kada abin da zai sha a yini ya wuce lita ɗaya, in ba haka ba ruwa ya taru masa a ƙirji, a sake kwantar da shi. Yayana ya duba waya ya ce, "Mililita dubu ke nan, kofi huɗu." Kowa ya ce to. Wane kofi? Oho.

Kofin silbar Baba na fara zargi. Na samo robar ruwa ta rabin lita na juye a cikinsa, ya haɗiye ta saura kaɗan. Huɗu irinsa ai kusan lita biyu ne! Na ɓoye shi, na kawo ƙarami. Kumburi ya ɗan sauka, sai ga shi ya dawo.

Daga nan na koma zargin mutane. Inna ta rantse ba ta ƙara masa ko kurɓi ba. Har butar alwalarsa na riƙa ɗagawa in ji nauyinta.

Wata la'asar na ritsa Gwaggo, ƙanwarsa ta Ƙofar Kibo, a ɗakin Baba da kwano a ƙarƙashin mayafi.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Rubutu ne, 'yar boko. Matsa."

"Kwano guda cur?"

"Kullum yana sha. Likitan naku ruwa ya hana, wannan kuwa ai ba ruwa ba ne."

"To da me aka wanke allon? Da man gyaɗa?"

"Ku ji mini marar kunya!"

Baba bai tsawatar mini ba, bai kuma kalle ni ba. Kwanon ya ƙura wa ido yana lasar leɓe. Nan na gane ba Gwaggo kaɗai ke cikin maganar ba. Ƙishirwa ke cin bawan Allah, ya samu hanyar da babu mai iya hana shi. Ashe abokansa biyu ma na aiko da nasu.

Ban isa in hana rubutu a gidan nan ba, ba na ma so. Abin da na yanke shi ne in ɗauki ƙaramin kofin da kaina in kai wa malamin Gwaggo, in roƙe shi ya wanke allon da rabinsa. Koko, shayi, rubutu, duk sai sun bi ta robobi biyu na rabin lita da zan ajiye a ɗakina. In sun ƙare, sai gobe.