Turmin Kakata a Kandi

Wata Laraba bayan an gama cirar gyaɗa, shekarar da nake aji biyu, Inna ta tsugunna gabana a tashar Kontagora ta kama kunnena. "Ko wa ya miƙo maka abinci, ka ce ka ƙoshi." Baba kuwa tun a gida ya gargaɗe ni: in mun isa, kada in kuskura in ƙi abin hannun mahaifiyarsa. Haka na shiga mota, ban san maganar wa zan bi ba.

Ni dai tun ina rarrafe gyaɗa ba ta ƙaunata, a garin da kowane tsakar gida shanyarta ce! Ko ƙuli-ƙuli na lasa sai leɓe ya kumbura, maƙogwaro ya shaƙe. A unguwarmu kowa ya sani. Mai ƙosan ƙofar makaranta da kanta take korata, in yara sun zauna ɓarar gyaɗa ni aikina korar awaki daga nesa. Amma Kandi, can Jamhuriyar Benin inda Kaka take, wa ya san ni? Shi ya sa Inna ta ɗaure tukunyarta da ludayinta, da galan ɗin manja, ta ƙulle maganin da likita ya ba mu a bakin zani.

Ashe sana'ar Kaka ƙuli-ƙuli ce. Saboda ni ta kashe wutar suya tun kafin mu taso, ta sa aka kwashe buhunan zuwa maƙwabta. Tana hango mu ta rangaɗa guɗa, "Angona ya iso!" Ta yi mini tuwo da miyar kuka, ta rantse ko ɗigon man gyaɗa babu. Inna ta shinshina, ta ɗanɗana, ta daɗe tana juya miyar, Baba na harararta. Na dubi wannan, na dubi wancan. Can Inna ta gyaɗa kai, na kai loma.

Ban cinye ba harshena ya fara ƙaiƙayi, numfashi ya koma fito. Inna ta ɗura mini magani, Baba ya saɓe ni sai kan babur, sai asibiti. Likitan na ta Faransanci, mu ko kalma, har sai da Baba ya zana gyaɗa a tafin hannunsa da biro kafin aka yi mini allura. Da muka dawo, gida ya kaure da surutu, wannan ta ce mayu, waccan ta ce iska. Ni kuwa ina kwance ina ta tunanin laifin da na yi. Ai duka biyun na bi, to me ya shaƙe ni?

Washegari Inna ta je dakan barkono, ta goga yatsa a cikin turmi, yatsan ya fito yana ƙyalli. Turmin da ya shekara da shekaru yana shan man gyaɗa, a ciki Kaka ta daka daddawar miyata. Kaka ta buɗe tafin hannunta tana kallo, duk tsagar da ke ciki mai ne.

Daga ranar ba ta ƙara taɓa ni ba. Ta wanke da toka, ta wanke da sabulu, amma ba ta yarda da su ba. In na nufo ta sai ta mai da hannuwa baya, ta ce, "Tsaya nan, angona, ina ganinka." Na ɗauka fushi take da ni, na yi kuka har na gaji. Ba mu sake komawa ba har ta rasu.

Yanzu ina hawa jirgi da allurata a aljihu, in faɗa wa mai abinci larurata da harshen da yake ji, babu wanda ransa ke ɓaci. Tafiya ta yi sauƙi, ban musa ba. Sai dai da a ce na gane a lokacin, wallahi da na ruga na faɗa jikinta, in ya so a sake kai ni asibiti.