Lungun Mas'uda a Kasuwar Isa

Ranar da nake son in ba da labarinta, bazara ce, shekara uku ke nan. Tun hantsi rana ta buɗe, ko ledar da ke rataye a bakin rumfata ba ta motsi. Ni Bawa, awon hatsi nake yi a kasuwar Isa tun ina da ƙarfin ɗaukar buhu, ban taɓa jin zafi irin na wannan wuni ba.

Mas'uda ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mijinta ya rasu take shiƙa a kasuwa. Mai hatsi ya kawo geronsa da ƙaiƙayi, ita ta ɗaga ƙwarya sama ta tsiyayo shi cikin masaki, iska ta kwashe dattin, tsaba ta rage. Ba ta da jari sai ƙwarya biyu da iskar Allah.

Da tashin hankali ya koro mutanen ƙauyuka cikin gari, kasuwa ta cika. Kowa na son abin da zai ci da iyali, ba mai ganin laifinsa. Inda dā fili ne aka sa shago, inda dā hanya ce aka ajiye kwantena, har kwanon rufin wannan layi ya sumbaci na wancan. Kwano kuwa idan ya sha rana, ƙasansa tanda ne. Sau huɗu Mas'uda tana canza wurin tsayawa, iska na gudu tana bin ta. Ƙarshe ta tsaya a bakin wani lungu mai faɗin kamu huɗu, wanda ya fuskanci fadama. Nan kaɗai iska ta rage.

Lungun nan ne aka ba Attahiru ya gina shago. Mutumin kirki ne, daga wajen Gatawa ya gudo da mutum tara a wuyansa. Ranar ya jibge bulo a lungun har ya wuce tsayin mutum, gobe magina za su fara.

Mas'uda ba mai yawan magana ba ce, mun gaji haka daga ubanmu. Ta je wurin Wakili, dattijon da ke raba wurare a ɓangarenmu, ta ce masa idan aka toshe lungun sana'arta ta mutu. Ya yi dariya, ya ce ya sha raba gardamar fili da ta kwata, amma yau ne aka fara kawo masa ƙarar iska, ta kawo takardar da ta saye ta. Ta ce ba ta da takarda, ya dai taso ya gani.

Ya taso, mutane suka biyo shi. Ta ɗaga ƙwarya ta tsiyayo. Gero da ƙaiƙayi suka faɗa masaki tare, kamar an zuba yashi. Sai ta dube ni.

"Yaya, ku kau mini da bulon ga, in kun gani sai ku mai da shi."

Muka kama, har da Attahiru, yana ɗauka yana haɗe rai. Kafin mu gama na ji sanyi ya taɓa mini bayan wuya inda gumi ya jiƙa. Ta sake tsiyayowa. Ƙaiƙayin ya tashi, kaɗan ya maƙale a gemun Wakili, sauran ya bi layi. Ta ce mu bi shi. Muka same shi a kan tabarmar mai tumatir, da bakin huhun mai goro, da kan keken tela, har rumfa ta ashirin da wani abu. Mai goro ya ce ashe tare iskar nan ne ya sa tun safe yake yayyafa ruwa goron na yaushi. Tela ya ce shi ya ɗauka zazzaɓi ne ya kama shi.

Wakili ya tsaya yana tsince gemu. Ya ce ya gani, amma mutum tara fa, ina zai kai su?

Nan ne ƙanwata ta yi abin da har yau nake ɗaga kai idan na tuna. Ta kai mu bayan bangon masallacin kasuwa, wurin shiƙarta na farko, wanda har lokacin nata ne, tana ajiye masakai a ciki.

"Malam Attahiru, gina nan. Iskar wurin ga ta daɗe da mutuwa, ba ka tare ma kowa komi. Ni za ni tsaya inda take da rai."

Attahiru ya dubi masakan da ke wurin. Sai ya ce, Inna, to masakanki fa? Ta ce a shagonsa za su kwana, kuma kada ta ji ya yi ƙorafi.

Tun daga ranar, duk wanda zai kafa rumfa a ɓangarenmu, Wakili kan aika a kira ta da ƙwaryarta tukuna. Ta hana biyu, ta yarda da bakwai.

Yanzu idonta ya fara rauni, kafaɗarta ma ba ta kai dā ba. Lungun yana nan a buɗe, mutane na kiransa da sunanta. Kowace ranar kasuwa tana bakinsa tana shiƙa, Attahiru kuma yana shagonsa bayan masallaci.