Ranar da Baba Ya Ci Ɗanyar Doya

Babanmu tela ne a kasuwar Lafiya, amma ɓarakar da ya fi ɗinkewa ta mutane ce. Mata da miji suka yi faɗa, wurinsa. Saurayi ya ƙi sana'a, wurinsa. A gida kuwa shi ke ɗebo wa Inna ruwa, har ya taya ta tsintar shinkafa. Abokansa na kiransa mijin-ta-ce, shi kuma yana cewa ai abin da ta ce ɗin daidai ne.

Inna kuwa wuta ce. Abu biyu ba a taɓa mata, mijinta da akuyarta, kuma har yau ban tabbatar da wanne ke gaba ba.

Maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Tibi ce, tana noman doya a wajen Agyaragu. Ita da Inna kamar ciki ɗaya, har ƙofa suka fasa a katangar da ta raba gidajenmu. Hausarta zar take, sai dai namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta, wanda ya fara zuwa shi take ɗauka.

Wata safiya ta faɗo ta wannan ƙofa, ɗankwali a hannu.

"Mama, yau za ka ji ni! Na gan shi da ido na. Ya shiga gida na, ya ci irin doya na ɗanye, ya sha ruwan wanki!"

Ta miƙa yatsa gindin mangwaro. Can Baba ke zaune da rediyonsa, akuyar tana kwance a bayansa tana tuƙa.

Inna ta ajiye muciya. "Malam ne zai ci miki ɗanyar doya?"

"Kullum haka yake yi! Ba shi da kunya!"

Kafin ka ce kwabo mata sun cika tsakar gida. Inna ta rantse a ranar za a toshe ƙofar da bulo, kuma Inna ba ta rantsuwa ta janye. Matar nan kuwa ita ta goya ni.

Baba ya waiga ya dubi akuyar, ya gane komai. In ya ce akuya ake nufi, Inna za ta buɗe sabon yaƙi, unguwa kuma ta mai da Hausar baiwar Allah abin dariya. Sai ya kashe rediyo, ya cire hula, ya rusuna.

"Ki yi haƙuri, maman yara. Yunwa ce."

Maƙwabciyar ta zaro ido.

"A'a Baba, ba ke ba! Wancan na bayan ki!"

"Doyar dai na ɗauki laifinta," in ji shi. "Ruwan wankin ne ban tuna ba."

Inna ta so ta cije, dariya ta ƙwace mata har ta zauna a kan turmi. Bulo bai zo ba. Da yamma Baba ya sayo igiya ya ɗaure akuyar da kansa.

Shi kuwa ya sha tsiya. Shekara da shekaru, ko sulhu ya je yi, sai wani ya tambaye shi, "Malam, ɗanya ko dafaffiya?" Ya ce duk wadda ta samu. Ni abin haushi yake ba ni, dattijo guda a mai da shi kakan wasa. Na faɗa masa, ya ce mutuncin da ba zai iya sayen zaman lafiyar mata biyu ba, na ado ne.

Ranar da ya rasu, ana shirin fita da shi, maƙwabciyar ta shigo da sandarta tana kuka.

"Ta tafi, Mama! Baba ta tafi ta bar mu!"

Gida cike da mutane, ba wanda ya ko murmusa. Inna ta jawo ta jikinta ta riƙe.

"Ta tafi," in ji Inna.