Kunyoyin Abiti Chikwanje

Ranar da na fita takaba na je rijiyar burtsatse, na cika bokiti na yi tsaye, don da can mijina Che Amidu, Allah ya jiƙansa, shi ke ɗauko mana ruwa a keke. Abiti Chikwanje ta ajiye raken da take sha, ta gyara mini gammo, ta kama muka ɗora. "Miƙe wuyanki, ƙanwata," in ji ta, "ba ke aka binne ba."

Haka take. Gajeruwa ce mai muryar shela, tana busar da ƙananan kifi ta kai kasuwar Liwonde, gonarta kuma na jikin tawa. Sunanta ya saba fitowa cikin masu samun takin gwamnati mai rahusa. A wurinmu wanda sunansa ya fito ba ya ci shi kaɗai, gida uku ake raba wa buhun da kwano. Nata buhun mu uku ne: ita, ni, da wani maƙwabcinmu Che Mdoka. Da wannan ɗan rabon nake noma masarar da 'ya'yana uku ke ci.

Sai aka kawo sabon malamin gona, Bambo Nyirongo. Ya tara mu a gindin mangwaro ya ce rabo ya ƙare: buhu ɗaya, gona ɗaya, zai zagaya ya duba, wanda ya raba za a cire sunansa.

"Ɗan nan," Abiti Chikwanje ta ɗaga murya, "ka taɓa kwana da yunwa kuwa, ko a takarda ka karanta ta?"

Aka tuntsire da dariya. Amma a hanyar gida ta ja ni gefe.

"Yaron nan ba shi da kunya, sai dai yana da gaskiya. Shekara nawa muna barbaɗa ɗan kwano a gona guda? Rumbun wa ya taɓa kaiwa Janairu, watan yunwa? Bana kada ki shuka masara. Zuba gyaɗa da rogo, ba ruwansu da taki. Ki zo gonata da fartanyarki, mu juye buhun duka, mu raba kunyoyi."

Gona ba masara! Ban taɓa ganin wanda ya yi haka da gangan ba. In tata ta lalace, ba ni da abin tuƙa tuwo ko na kwana ɗaya. Na kai kukana ga Allah kwana uku, sannan na ɗauki fartanya.

Shi ma Che Mdoka ta yi masa wannan tayin, ya ƙi, ya koma wajen danginsa neman kwanon taki. Kullum ya wuce sai ya leƙo. "Sannunku, matan gwamnati! Bana tuwon gyaɗa za a ci?"

"Wuce, tsoho, in ka ji ƙamshi kada ka zo gaisuwa!" in ji Abiti Chikwanje.

Da murfin kwalba muke auna takin, muka bi kowane gindi, ita gaba ni baya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Masara ta yi baƙi ƙirin don kyau, ta wuce tsayin Abiti Chikwanje. Malamin gona da ya zo dubawa ya daɗe a tsaye, ta ɓare masa zangarniya ta ce ya kai wa takardarsa ta ɗanɗana. Ranar girbi ni ta sa na fara zaɓen kunyoyina. A shekarar ba a ga ƙasan rumbuna ba sai da sabuwa ta nuna, ga gyaɗa kuma buhu biyu.

Shekara uku muna haka. A ta huɗu aka karanta sunaye, nawa ya fito, nata babu. Washegari da hantsi sai ga ta a ƙofata. Matar da ake ji daga bakin hanya, ranar sai da na matso kafin na ji ta.

"Ƙanwata, gwiwoyin nan sun fara gardama. Ki bar mini kunyoyin gefen hanya a gonarki, inda ba hawa. Amma kada ki nome mini ko ɗaya, da fartanyata zan zo."