Hausar Koci Kwang

Kwang malamin motsa jiki ne a wata jami'a da ke unguwar Tianhe. Gajere ne, kullum da gorar shayinsa a hammata, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya bugi ƙwallo. A 2011 aka ba shi ƙungiyar ƙwallon ɗalibai baƙi, don sauran malamai duk sun kawo uzuri.

Bakwai daga cikin 'yan wasansa Hausa suke ji, huɗu 'yan Kano, uku 'yan zangon Kumasi. Ya lura in suka yi wa juna magana a fili, abokan karawa sai dai su bi su da ido. Sai ya kira mai tsaron gida, Ussif ɗan Kumasi, ya ce ya koya masa Hausa. Cikin wata uku ya haddace kalma arba'in. Hausar Kumasi ce, saboda haka kowa "kai" ne a wurinsa, har da Rafia, ɗalibar likitanci mai duba masu targaɗe.

Daga kan kujerar roba yake kwaɗa kira: "Salihu, koma baya! Hagu ba kowa!" Shekara huɗu a jere suna ɗauke kofi. Sauran masu horarwa suka yanke cewa wani tsari ne ya samo daga Turai.

A shekara ta biyar, ranar wasan ƙarshe, ya ce, "Dama! A ba Sabiru!" Kafin ƙwallo ta isa, wani dogon ɗan baya na ɗaya ƙungiyar ya riga ya je yana jiranta. Sau shida ana haka. Aka tafi hutun rabin lokaci an zura musu biyu, sai ga dogon ya zo ya rusuna.

"Ina wuni, Baba? Harouna ne, daga Damagaram."

Kwang ya dube shi. "Lafiya lau," ya ce, don iyakar amsar da aka koya masa ke nan.

Nan take ya sauya dabara: in ya ce hagu, dama yake nufi. Harouna ya gane cikin minti biyar. Yaransa kuwa har aka tashi ba su gane ba. Huɗu da nema aka ci su.

Bayan wasa Kwang ya tare Harouna ya tambaye shi abin da yake karanta. Ya ce injiniyanci.

"Mu ma muna da shi," in ji Kwang. Da shekara ta kewayo, Harouna na sanye da rigarsu.

Yanzu Kwang ya yi ritaya, yana zaune a unguwar Panyu, hawa na shida, gidan ba lifta. Tsofaffin 'yan wasansa yawanci sun koma sarin tufafi a kasuwar Shahe, suna aikawa Kano da tashar jiragen ruwa ta Tema. Duk babbar Sallah sukan kai masa nama, shi kuma ya tsaya a bakin bene da agogo yana auna hawan kowa. Bara Babayo, tsohon ɗan wasan gabansa, ya yi minti huɗu, ya huta sau biyu a hanya. Kwang ya karɓi naman, ya dubi tumbinsa.

"Sauka. Sake."

Babayo yana da 'ya'ya biyar da shago biyu. Ya miƙa wa Ussif hularsa, ya sauka.